Me ya sa jihohin Amurka ke kafa nasu dokokin kan sinadarai masu guba?

Wani mai karatu ya yi tambaya kamar haka: tunda Amurka tana da gwamnatin tarayya, tana kuma da hukumar kare muhalli ta EPA, me ya kai jihohi irin su Kalifoniya da Maine da Minnesota ga kafa nasu dokokin kan sinadarai masu guba? Kuma dokokin suna kare lafiyar jama'a da gaske, ko iyakarsu ɗan rubutun nan da ake mannawa a jikin kaya wai abin yana iya jawo ciwon daji?

Malam, jihohin sun shiga maganar ne domin dokar tarayya ta yi shekara 40 tana haushi ba ta cizo. Batun tasiri kuwa, akwai shi, sai dai ba a jikin takardar gargaɗin ake ganinsa ba. Ana ganinsa ne a cikin kayan da aka sauya musu haɗi a ɓoye don kada su ɗauki takardar tun farko. Bari in fara da dokar tarayyar, don in ba ka san raminta ba, ba za ka gane abin da jihohi ke ƙoƙarin cikewa ba.

A 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar kula da sinadarai masu guba, wadda ake taƙaita sunanta da TSCA. Da aka zo aiki da ita, sinadarai kusan 62,000 da suke kasuwa a lokacin an bar su sun ci gaba da yawo ba tare da an nemi a gwada su ba. Idan EPA tana son ta tilasta wa kamfani ya yi gwaji, sai ta fara nuna alamar cewa sinadarin na iya yin illa, alhali gwajin ne zai ba ta wannan hujjar. Idan kuma tana son ta hana wani abu, dole ta tabbatar cewa ta zaɓi hanyar da ta fi kowace sauƙi ga masana'antu. An ga ƙarshen wannan tsari a kan asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa a kayan gini don jure zafi, wanda babu likitan da ke musun yana kashe mutane. Hukumar ta kwashe kimanin shekara goma tana tara hujja, ta fitar da haramci a 1989, sai wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke mafi yawansa a 1991. Daga nan gwiwar hukumar ta yi sanyi. Ma'aikatanta sun karanta hukuncin yadda kowa zai karanta shi: in asbestos bai hanu ba, me zai hanu? Sai a 2024 aka haramta nau'in asbestos na ƙarshe da ake shigowa da shi ƙasar. Ka ƙara da cewa TSCA ba ta taɓa abinci da magani da kayan kwalliya da maganin ƙwari ba, kowanne yana ƙarƙashin wata doka daban mai nata raunin.

Tsarin mulkin Amurka kuma ya bar wa jihohi ikon kare lafiya da tsaron mutanensu muddin dokar tarayya ba ta rufe ƙofar a fili ba. Saboda haka jihar da ta ga ruwan shanta ya gurɓace ba sai ta jira Washington ba.

Dokar da ta haifi rubutun da ka gani ita ce ta Kalifoniya, wadda aka fi sani da Prop 65. Ba majalisa ce ta yi ta ba, jama'a ne suka amince da ita kai tsaye a ƙuri'ar watan Nuwamba na 1986. Abu biyu ta tanada. Na farko, jiha ta riƙa wallafa jerin sinadaran da aka san suna jawo ciwon daji ko illa ga haihuwa da ɗan tayi, jerin da yanzu ya kai wajen 900. Na biyu, duk kasuwancin da ke da ma'aikata goma ko fiye ba zai zuba waɗannan sinadarai a inda za su shiga ruwan sha ba, kuma ba zai bari su shiga jikin mutum ba sai ya gargaɗe shi. Dokar ba ta hana sayar da komai ba. Hikimarta tana wajen wanda aka ɗora wa nauyin hujja. A tsarin tarayya gwamnati ce za ta tabbatar akwai haɗari. A nan kamfani ne zai tabbatar cewa abin da ke shiga jikin mutum bai kai mizani ba, in ba haka ba ya manna gargaɗi. Mizanin na ciwon daji shi ne adadin da ba zai ƙara fiye da mutum ɗaya mai cutar ba cikin mutum 100,000 da suka yi shekara 70 suna mu'amala da sinadarin. Na haihuwa ya fi tsanani: a ɗauki adadin da gwaji bai nuna wata illa a kansa ba, a raba shi gida dubu.

Sannan ba gwamnati kaɗai ke iya kai ƙara ba. Kowane mutum ko ƙungiya na iya aika wa kamfani takardar sanarwa ta kwana 60, in hukuma ba ta ɗauki maganar ba shi ya shigar da ƙara. Tarar tana iya kai dala 2,500 a kowace rana kan kowane laifi, wanda ya kai ƙarar kuma yana da kashi 25 cikin ɗari na tarar, ban da kuɗin lauyansa. Ga yadda abin ke gudana a aikace. Wani ya shiga kanti ya sayi jakar mata ta roba, ya ɗora mata wata na'ura mai kama da bindigar hannu da ke karanta ƙarafan da ke cikin abu cikin 'yan daƙiƙu, ya ga dalma a jikin zik ko a fentin robar, ya aika samfurin ɗakin gwaji ya samo takarda. Sanarwa ta isa ga mai kanti, mai kanti ya tura wa wanda ya shigo da kayan, shi kuma ya tura wa masana'antar da ke wata nahiya. Yawanci ba a zuwa gaban alƙali, sulhu ake yi, kuma a cikin takardar sulhun ake rubuta cewa daga yau dalmar da ke cikin irin wannan kaya ba za ta wuce kaza ba. Masana'antar ba za ta buɗe layi na musamman don jiha ɗaya ba. Kalifoniya tana da mutum kusan miliyan 39, ba kasuwar da za a juya wa baya ba ce, sai a sauya haɗin gaba ɗaya. Da haka aka rage dalma a kawunan famfo na farin ƙarfe da alewar yara da kayan ado, da haka kuma Coca-Cola da Pepsi suka sa aka sauya yadda ake haɗa launin da ke cikin lemonsu a 2012 don kada kwalba ta ɗauki gargaɗin ciwon daji.

Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba, don yana da girma. Dokar ba ta hukunta wanda ya yi gargaɗi ba gaira ba dalili, tana hukunta wanda bai yi ba ne kawai. Gwaji yana da tsada, takardar mannawa kuwa kusan kyauta ce. Sai kamfanoni da yawa suka zaɓi su manna a kan komai, har ya zama za ka ga gargaɗin a ƙofar otal da wurin ajiye motoci da jikin guduma. Gargaɗin da ke ko'ina ba ya gaya wa kowa komai. Abin ya kai maƙura a 2018, lokacin da wani alƙali a Los Angeles ya yanke cewa kofi ma sai an sa masa, saboda sinadarin akirilamaid da ke fitowa wajen gasa ƙwayarsa. Sai da hukumar jihar da ke kula da jerin ta fito da ƙa'ida a 2019 ta cire kofi, domin binciken da ake da shi bai nuna shan kofi yana jawo ciwon daji ba. Kuma a kuɗin sulhun da ake biya kowace shekara, kaso mafi tsoka aljihun lauyoyi yake tafiya. An yi gyara a 2018 cewa cikakken gargaɗi ya ambaci sunan aƙalla sinadari ɗaya, an kuma tsawaita wannan sharaɗi ga gajeren gargaɗi daga 2025 tare da wa'adin shekara uku. Don haka idan ka ga rubutun, nemi sunan sinadarin ka tambayi kanka ta wace hanya zai shiga jikinka. Dalma a kofin da ake sha da shi kullum ko a abin da yaro ke sa wa a baki magana ce babba. Dalma a cikin wayar lantarkin da ke bayan firji, wanke hannu bayan taɓa ta ya isa.

Massachusetts ta bi wata hanya a 1989, ba hani ba gargaɗi. Masana'antar da ke amfani da sinadari mai guba da yawa za ta bayyana adadin, ta biya kuɗi, ta kuma rubuta shirin yadda za ta iya ragewa. Ba a tilasta mata aiwatar da shirin ba. Da kuɗin aka kafa cibiya a jami'ar jihar da ke Lowell mai taimaka wa masana'antu nemo madadi. Da yawa daga cikinsu sai da suka zauna lissafin suka ga irin asarar da suke yi wajen sayen sinadarin da zubar da dattinsa, suka rage da kansu. Ba ta yi suna kamar ta Kalifoniya ba, amma a ganina ta fi ta tsabtar tunani.

Kada ka ɗauka jiha ba ta kuskure. Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na kujerun kushin. A 1975 Kalifoniya ta kafa ƙa'idar cewa soson da ke cikin kujera dole ya jure ƙaramin harshen wuta na daƙiƙa 12. Niyya mai kyau ce, a rage mutuwa a gobara. Hanya mafi arha ta cin wannan jarrabawa ita ce a cuɗa soson da sinadaran hana kamawar wuta, musamman dangin PBDE. Irin ƙarfin kasuwar da na yaba ɗazu shi ya yaɗa wannan haɗi zuwa kujerun ƙasar baki ɗaya. Sinadaran ba su zauna cikin soso ba, sun fita sun shiga ƙurar ɗaki, daga nan zuwa hannun yara masu rarrafe, zuwa jini da nonon uwa, kuma gwaji ya nuna mutanen Kalifoniya sun fi na sauran jihohi ɗauke da su. A 2003 jihar ta haramta nau'i biyu na PBDE, kamfanin da ke yin su a Amurka ya daina a ƙarshen 2004. To amma ƙa'idar daƙiƙa 12 tana nan. Sai masu kujeru suka koma wa wani sinadari mai suna tris, wanda tun a shekarun 1970 aka cire shi daga kayan barcin yara. Sai a 2013, zamanin Gwamna Jerry Brown, aka sauya jarrabawar kanta: maimakon harshen wuta a kan soso tsirara, sai a gwada ko yadin da ya rufe kujerar zai jure guntun taba sigari mai ci, wanda dama shi ne babban sanadin irin wannan gobara. Kujera na iya cin wannan ba tare da sinadari ba. Daga 2021 wannan sabuwar ƙa'ida ta zama ta tarayya.

Wannan labari ya nuna babbar cutar da ke damun duk dokokin sinadarai, wato a hana abu ɗaya a maye gurbinsa da ƙaninsa. Haka aka yi da BPA, sinadarin da ake haɗa wasu robobi masu tauri da shi. Minnesota ce jiha ta farko da ta hana shi a bulumbotin jarirai a 2009, jihohi da dama suka biyo, masana'antu suka daina sa shi, har ƙungiyar masu sinadarai da kanta ta roƙi hukumar abinci da magunguna ta FDA ta soke izininsa a bulumboti, ita kuma ta soke a 2012, ba don an yarda yana da illa ba, sai don an riga an bar amfani da shi. Nasara ce. Sai dai a wasu kayan, kamar takardar rasit, an koma wa BPS, wanda bincike ya nuna shi ma yana taɓa sinadaran jiki masu tafiyar da girma da haihuwa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Inda jihohi suka fi nuna sun koyi wannan darasi shi ne kan PFAS. Dangi ne na sinadarai dubbai da aka gina a kan haɗin kabon da fulorin, haɗin da ke da ƙarfi ƙwarai har rana da ruwa da ƙwayoyin cuta ba sa iya warware shi. Shi ya sa suke hana ruwa da maiƙo kama yadi, suke hana abinci manne wa kasko, suke cikin kumfar da 'yan kwana-kwana ke kashe gobarar mai da ita. Shi ya sa kuma ba sa ruɓewa, wasunsu suna yin shekaru a jinin mutum. Mafi yawan abin da aka sani game da illar ɗaya daga cikinsu, PFOA, ya fito ne daga shari'ar mazauna kewayen masana'antar DuPont da ke Parkersburg a West Virginia. Cikin sharuɗɗan sulhu aka ɗebi jinin mutum kusan 69,000, kwamitin masana uku kuma ya kammala a 2012 cewa akwai alaƙa mai yiwuwa tsakaninsa da cututtuka shida: dajin ƙoda, dajin maraina, ciwon maƙoƙo, gyambon babban hanji, hawan jini ga masu juna biyu, da yawan kitse a jini. An daina yin PFOA a Amurka, aka kawo GenX a madadinsa, sai ga shi a 2017 labari ya fashe cewa GenX ɗin yana cikin kogin Cape Fear da birnin Wilmington na North Carolina ke sha.

Ganin haka jihohi suka daina bin sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Jihar Washington ta fara a 2018, ta hana PFAS a kumfar kashe gobara da takardun naɗe abinci, ta kuma fassara kalmar da faɗi: duk sinadarin da ke da aƙalla ƙwayar kabon ɗaya da fulorin ya cike. Da wannan ma'ana, sauya wa ƙwayar sinadari ɗan tsawo ko gajarta ba ya fitar da shi daga doka. Ya kuma sauƙaƙa gwaji. Maimakon a nemi sunaye dubbai ɗaya-ɗaya, sai a yanki guntun yadi ko takarda a ƙone shi a cikin na'ura a auna yawan fulorin da ya fito. Kalifoniya ta sa iyakar kashi 100 cikin miliyan a takardun abinci daga 2023, haka ma a tufafi daga 2025, kuma na tufafin zai sauko zuwa 50 a 2027. Mai masana'antar rigar ruwa ya san lambar da zai cika, mai dubawa ya san abin da zai auna. Doka mai lamba irin wannan ta fi mai dogon bayani amfani nesa ba kusa ba.

Maine ta shigo ta wata ƙofa mai ban tausayi. Shekaru da dama jihar da kanta take ba da lasisin a kwashi laka da ke saura bayan an tace ruwan najasar gari da na masana'antun takarda a baza a gonaki a matsayin taki. A 2016 aka gano PFAS a ruwa da ƙasa da madarar wata gonar shanu a garin Arundel, gonar da ta yi shekaru tana karɓar wannan taki. Da aka faɗaɗa bincike sai aka tarar da rijiyoyin gidaje da yawa a kewayen Fairfield sun gurɓace, har a 2021 hukuma ta gargaɗi maharba kada su ci naman barewar da suka harbo a yankin. Manoman ba su karya wata doka ba, shawarar hukuma suka bi, ga shi madararsu ba ta sayuwa, gonar ma ba mai saye. A 2021 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta fi kowace faɗi a lokacin: a hana duk kayan da aka sa wa PFAS da gangan, sai wanda hukuma ta yarda ba shi da madadi a yanzu kuma ana buƙatarsa don lafiya ko tafiyar al'umma. A 2022 ta zama jiha ta farko da ta hana baza lakar a gonaki, ta ware dala miliyan 60 don tallafa wa manoman. Lakar dai dole ta je wani wuri. Ta koma juji, jujin ya kasa ɗauka, aka riƙa jigilar wani sashe zuwa Kanada, kuɗin ya faɗo kan masu biyan kuɗin ruwa.

A Minnesota kuwa kamfanin 3M ya daɗe yana yin waɗannan sinadarai yana zubar da dattinsu a gabashin birnin St. Paul. Jihar ta kai shi ƙara, ya biya dala miliyan 850 a 2018. Dokar 2023 ana kiranta da sunan Amara Strande, wata matashiya da ta tashi a yankin, ta kamu da wani dajin hanta da ba kasafai ake gani ba, ta riƙa zuwa majalisa tana ba da shaida tana cikin jinya, ta rasu tana da shekara 20 makonni kaɗan kafin a sa wa dokar hannu. Daga 1 ga Janairun 2025 an hana PFAS a rukunin kaya 11, ciki har da tukwane da kasake, kafet, kayan kwalliya, kayan yara, audugar mata da zaren sakace. Sauran kaya kuma wa'adinsu 2032.

A ruwan sha ma jihohi ne suka ja gaba. New Jersey ta kafa iyaka ta doka a kan ɗaya daga cikin dangin tun 2018, New York da Michigan da wasu suka biyo a 2020, a lokacin da tarayya ba ta da komai sai shawara. Sai a Afrilun 2024 EPA ta kafa nata: kashi 4 cikin tiriliyan ga PFOA da ɗan'uwansa PFOS. Shekara ɗaya bayan haka, da gwamnati ta sauya, hukumar ta ce za ta ƙara wa kamfanonin ruwa wa'adi zuwa 2031, ta kuma janye iyakar da ta sa wa wasu nau'ukan. Mutumin da jiharsa ke da tata dokar, wannan kai-komo bai raba shi da kariyar da yake da ita ba. Wannan ma wani amfani ne na dokar jiha da ba a cika ambata ba.

To ina masana'antu a duk wannan? Kukansu shi ne kowace jiha da nata jeri da nata wa'adi da nata fom, kuma kukan yana da gaskiya a ciki. Kamfanin da ke haɗa mota ko firji yana sayen sassa dubbai daga hannun masu kawo kaya hawa-hawa, na ƙasan ba sa faɗin sirrin haɗinsu. Lokacin da Maine ta ce kowa ya kawo rahoton PFAS da ke cikin kayansa a farkon 2023, kamfanoni masu yawan gaske suka nemi ƙarin lokaci, ma'aikatan hukumar kuma 'yan kaɗan ne, dole majalisa ta sassauta sharaɗin. Amma wannan kukan ne ya jawo gyaran TSCA. Masana'antun da suka yi shekaru suna adawa da ƙarfafa dokar tarayya su ne suka dawo suna nemanta, domin gara shugaba ɗaya da hamsin. A 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a gyaran da aka raɗa wa sunan marigayi Sanata Frank Lautenberg. An cire sharaɗin hanya mafi sauƙi, an wajabta wa EPA ta duba tsoffin sinadarai bi da bi ba tare da la'akari da kuɗi ba wajen yanke ko suna da haɗari. Abin da aka fi ja-in-ja a kai shi ne ikon jihohi, inda Sanata Barbara Boxer ta Kalifoniya ta kafe. Aka tsaya a tsakiya: matakan da jihohi suka ɗauka kafin 22 ga Afrilun 2016 suna nan, tsoffin dokoki irin Prop 65 da ta Massachusetts suna nan, amma idan EPA ta gama nazarin wani sinadari ta yanke hukunci, hukuncinta ne ke aiki a kan abin da ta duba, kuma yayin da take nazarin ana iya dakatar da jiha daga kafa sabon hani na ɗan lokaci. Tun da nazarin sinadari ɗaya yana cin shekara uku zuwa sama, sinadaran kuma dubbai ne, filin da ya rage wa jihohi yana da faɗi.

Raunin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Dokar kaya tana tsallake iyakar jiha saboda kasuwa ɗaya ce, amma dokar hayaƙi da ruwa da ƙasa ba ta tsallakewa. Iyakar da New Jersey ta sa wa ruwanta ba ta tsabtace rijiyar kowa a wata jiha, kuma masu zaune a gindin masana'antun sinadarai na gaɓar kogin Mississippi a Louisiana ba su amfana da haramcin kasko na Minnesota ba. Jihohin da suka fi yin sinadaran ba su ne suka fi tsananta doka ba. Sa ido ma yana da rauni, musamman a kan kayan da ake saye ta intanet daga ƙananan 'yan kasuwa na ƙetare waɗanda ba su san da dokar ba, ko sun sani ba su damu ba.

Yanzu faɗan ya koma kan abin da za a keɓe. A 2024 Maine ta ɗage babban wa'adinta daga 2030 zuwa 2032, ta cire kayan asibiti da motoci da jiragen sama da ƙananan sassan kwamfuta daga haramcin. Wasu keɓewar suna da hujja, don ba wanda zai so a hana bututun da ake sa wa mara lafiya a jijiya kafin a samo madadinsa. Wasu kuwa ƙarfin masu kamun ƙafa ne. Masu yin kasko suna cewa robar fulorin da ke jikin kaskon ba ta narkewa a jiki, don haka a fitar da ita daga lissafi. Masu adawa suna cewa illar tana wajen yin ta da wajen zubar da ita, kuma mutanen Parkersburg ba kasko ne ya gurɓata musu ruwa ba, masana'antar da ke yin abin shafa wa kaskon ce. A 2025 New Mexico ta yi tata dokar ta keɓe irin wannan roba, Gwamna Gavin Newsom kuma ya ƙi sa hannu a ƙudurin da zai hana PFAS a tukwanen Kalifoniya, yana mai cewa zai rage wa mutane kayan girki masu araha. Minnesota ta ƙi sassautawa a kan tukwane, ƙungiyar masu yin su ta kai ta kotu a farkon 2025, amma haramcin ya ci gaba da aiki.